Makullin Shagon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa zamanka a can albarka. Mu nan lafiya lau muke. Inna ƙafar ce dai ke matsa mata, amma bakin yana nan garau, ko jiya sai da ta yi mini faɗa a kan shanyar kaya kamar ba ni ce na aurar da 'ya ba.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu, cewa a karɓe makullin shagon Baba daga hannun Auta a ba wani haya, tunda yana ɓata wa mutane aiki, kuma an ce maka ƙwaya yake sha. Ban ga laifinka ba, Yaya, na nesa da abin da aka faɗa masa yake aiki. Amma gani ya kori ji, don haka ka saurare ni kafin ka yanke hukunci.

Ka tuna shagon nan muna yara? Ƙamshin sabon katako tun daga bakin layi, da Baba da fensir a bayan kunne, fensirin da bai taɓa rubuta awo da shi ba. Zai je gidan mutane ya auna ƙofa, ya dawo yana tafe yana gaisawa da jama'a, ya ɗauki zarto ya yanka, a kai ƙofar ta zauna daram. Yakan ce kafintan da ke rubuta awo, kansa ado ne kawai. Kai ka gwada ka kasa, ka ce dama boko za ka yi. Ni kuwa aikina tsintar guntayen katako ina gina wa 'yartsanata ɗaki. Auta ne ya gaje shi. Tun tsayinsa bai kai teburin aiki ba yake riƙe awon tagogin gida guda a ka, Baba yana washe baki yana nuna shi ga duk wanda ya shigo. Wallahi ina kewar kwanakin nan.

Ka san shekarun da Auta ya yi a soja, a ɓangaren masu harba igwa ya yi su. Ya dawo mana ko ƙwarzane babu, muka yi ta godiya ga Allah, ashe ciwon yana inda ido ba ya kaiwa. Da ya buɗe shago sai ga ciwon kai, ga ƙara a kunne, ga fushi ba gaira ba dalili, mutumin da a da ko tsawa ba ya yi wa yaro. Zai auna abu, kafin ya isa wurin zarto lambar ta gudu. Ya yanka ƙofar kabad ɗin wata malamar makaranta ta gaza, ya sake wata, ita ma ta gaza. Matarsa ta ba shi shawara ya riƙa rubutawa, ya ce ɗan Baba ba ya rubuta awo. Ya gwammace a kira shi mashayi da a gan shi da takarda a shagon nan.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya tambaye shi ko bom ya taɓa tashi kusa da shi, ya ce a'a, nasu dai suke harbawa, wani lokaci yini guda, har hanci ya yi jini su share su ci gaba. Likitan ya ce ai wannan ɗin ne. Kowane harbi ƙarfin ƙarar yana girgiza ƙwaƙwalwa, kaɗan-kaɗan har ya taru ya zama rauni. An gwada jininsa, babu alamar ƙwaya. Likitan ya ce da magani da haƙuri za a samu sauƙi, amma kada a raba shi da sana'ar da hannunsa ya saba, zaman banza zai ƙara masa ciwo.

Shekaranjiya da hantsi Auta ya shigo wurina, ashe Kawu ya riga ya faɗa masa. Ya ajiye makullin a gabana, ya ce kai ne babba, maganarka ta zauna. Abu ɗaya ya roƙa, wai a yi wa sabon mai shagon magana ya bar shi ya riƙa zuwa yana goge masa katako da samfefa, tunda wannan ba ya buƙatar awo. Yaya, bayan fitarsa na yi kuka sosai.

Makullin yana wurina, ban ba Kawu ba, kuma ba zan bayar ba sai na ji daga gare ka. Roƙona ka kira shi da kanka, ka ce ya koma shagonsa, ka kuma ce masa ya riƙa rubuta awon, ba abin kunya ba ne. Mun faɗa mun gaji, ba ya ji. Izinin Baba yake jira, Baba kuwa ba ya nan, sai kai.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki ka riƙa cin abinci. Gwaggo da matar Auta da maigidana duk suna miƙa gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan takwarar Inna da ƙannenta. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka