Tsohon da ke ja miki guga

Zuwa ga jikata, Uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki da marasa lafiyar da kike jinya. Allah ya ba ki ladan wannan aikin sa kai, ya tsare ki a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifinki ta warke, ƙanwarki ta sauka lafiya, an sami namiji. Gwaggonki ce ke rubuta mini wannan takarda, na kuma hana ta gyara ko kalma guda. Likitan nan abokin aikinki da ya zo hutu shi zai kawo miki.

Tun shekarar da ruwa ya cinye gada, muka kwana tara ba mu ji ɗuriyar mahaifinki ba yana tsallaken kogi, ban ƙara zaman jiran muryar wani kamar na watannin nan ba. Na san wahalar da kike sha. An gaya mini a asibitinku babu sabis ko ɗigo, sai kin yi tafiyar kusan sa'a guda zuwa gidan wani tsoho a kan tudu. An ce akwai doguwar bishiya a tsakar gidansa, ya ɗaura mata igiya da guga, sai a zuba wayoyi a ciki ya ja su can sama, saƙonni su fita, na waje su shigo. In hadari ya taso ko caji ya ƙare, an yi tafiyar banza. Duk na ji, na kuma tausaya miki.

Amma ga abin da ke cina. Sau uku kenan kina samun kira ya shiga daga kan tudun, ba sai an ja guga ba. Uwarki ta karɓa ta yi ta tambayar abin da kike ci, ubanki ya karɓa, gwaggonki ta karɓa, ana cewa a miƙo mini sai abin ya ɗauke. Na riƙe ƙarfe a kunne ina ta sallama ni kaɗai kamar mai kiran kurma. Na haƙura, na ce laifin iska ne. Sai ga saƙon murya da aka ce kwana uku yana hawa guga kafin ya iso. Aka taru a zaure, na gyara zama, na ɗauka nawa ne. Ashe muryar mai gugan nan ce, yana ta zuba da yaren da ban san kansa ba, kina dariya a gefe. Kika ce labarin kafuwar ƙauyensu yake ba ki duk lokacin da kuke jiran waya ta sauko, wai ba ki taɓa ganin mai riƙe tarihi kamarsa ba. Har kaka kika kira shi. Ni kuwa gaisuwata ta zo a ƙarshe, kalma biyu, kamar gishirin da aka tuna bayan an sauke tukunya.

Uwata, gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Wa ya san sunayen kakanninki har bakwai in ba ni ba? Wa ya san inda tsohuwar rijiyarmu take kafin a yi titi a kanta? Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, amma ba ki san yadda ta goyo ni ta yi tafiyar kwana huɗu a ƙasa a shekarar fara ba. Shekara ashirin da shida kina wucewa ta gabana, ba ki taɓa kunna waya kin ce in faɗa ki ɗauka ba. Shi don ya iya jan igiya, cikin wata biyar kacal ya samu.

Gwaggonki ta ajiye biro yanzu ta ce wai ni na jawo, tunda ni na rantse muryata ba za ta shiga ƙarfe ba, har na kore ki da sanda ranar da kika gwada. Na ce ta rubuta ban tuna ba. To, ko da an yi haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, na yarda. Amma shekaruna sun haura tamanin, abin da ke kaina babu shi a kan kowa, in na tafi ya tafi.

Uwarki da ubanki suna gaishe ki, da mai jego, da kawunki direba, da maƙwabcinmu tela. Shi ma mai gugan ki gaishe shi, ki ce na gode da igiya, amma jika tana da mai ita.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, da na karya zan sa a shimfiɗa mini tabarma a zaure, gwaggonki ta kunna wayarta ta ajiye a gabana. Zan fara daga haihuwar mahaifiyata, ba kuma zan tsaya ba sai na wuce tsawon nasa. Ko wata guda zai yi kafin ya iso gare ki, ki jira shi, ki ji shi har ƙarshe.

Ni ne kakanki na gaskiya.