Inuwar Ƙanina Tana Cikin Na'urar Gem, Baba Ya Ce A Ƙone

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo daga Magariya, ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai ce ƙato da ni ina maganar gem ya faɗa, na riga na sha jin wannan a gida, amma ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni mutumin Guci ne, a Magariya nake gyaran waya, a bayan shagon kuma akwai wani ɗan ɗaki da muka sa tele da benci, samari suna zuwa buga gem. Mu biyu ne da ƙanina, zan kira shi Lawali ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ya rasu watan jiya, Juma'ar nan mai zuwa za a yi sadakar arba'in a gida.

Lawali da emasi aka haife shi, wanda 'yan Najeriya ke ce wa sikila. Gidanmu gidan noma ne, Baba ma ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa kafin ya tuba ya zama ladanin masallacin unguwa, to ku duba ɗan da aka haifa masa, ko buhun gyaɗa bai taɓa ɗagawa ba. In damina ta faɗi mu tafi gona, shi a bar shi gida da mata. Lakwal ma rabi da rabi ya yi, yau yana aji gobe yana kwance. Da ya girma Baba da kansa ya ce in tafi da shi gari kusa da likita. Wani kawunmu da ke Kano shi ya kawo masa na'urar gem ɗin kyauta don ya rage zaman kaɗaici, saboda haka tasa ce, ni tele da ɗaki kawai na sa.

Gem ɗin da aka fi bugawa na faɗa ne, mutum biyu kowa da manet, wato abin dannawa, a hannu, kowa ya zaɓi wanda zai yi masa faɗa. A ciki akwai babban mugun labarin. Wai, astagfirullah, a tatsuniyar masu gem ɗin yana cikin allolinsu ne, sauran suka haɗa kai suka jefo shi ƙasa, ya tashi da rabin fuska a ƙone da sarƙa a ƙafa ɗaya, ya rantse sai ya rusa komai. Duk fitowar da aka yi ta gem ɗin shi ake kashewa a ƙarshe, a sabuwa kuma ya dawo. Ba mai zaɓarsa don nauyin jiki gare shi, kafin ya ɗaga hannu an yi masa duka uku. Lawali shi kaɗai yake zaɓa, kuma tun daga tasha har bakin kasuwa babu wanda ya taɓa cinye shi, har ni. Daga nan samari suka laƙaba masa Korarre, shi ma yana amsawa da dariya.

Na taɓa yi masa tsiya, na ce duk jaruman nan ka rasa wanda za ka so sai wannan mummunan. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Yaya, wannan don a kayar da shi aka yi shi. Ni ma tun ina yaro ake jira in faɗi. To bari mu ɗan ɓata musu lokaci." Na yi dariya a lokacin, don shi ma da dariya ya faɗa.

Ciwon ƙarshe bai bambanta da na baya ba, sai dai wannan bai sake shi ba. Ni na riƙe shi a moto zuwa asibiti, ni na taya wanka, da ni aka sa shi a kabari. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ranar ma na ci tuwo na ƙoshi. Mutane suna ta yaba min wai ina da tawakkali, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne, babu komai ne a wurin, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Matsalar ranar sadakar uku ta fara. Samarin gidan gem suka haɗa motoci suka zo har Guci gaisuwa, abin da ya kamata a gode musu. Suka durƙusa gaban Baba, babbansu ya buɗe baki ya ce Allah ya jiƙan Korarre, sauran suka ce amin. Wallahi rabinsu ba su ma san sunansa na yanka ba, mu nan haka muke, in laƙabi ya kama mutum ya kama shi ke nan. Baba ya tambaya wane ne Korarre. Maimakon yaron ya yi shiru, sai ya gyara zama don ya nuna yadda suke ji da mamacin, ya kwashe labarin duka ya faɗa, da allolin, da jefowa daga sama, da cewa Lawali ba ya zaɓar kowa sai shi. A gaban liman da dattawan gari. Ina tsaye da buta a hannu ina ji, ban ma yi yunƙurin tsayar da shi ba.

Baba ya jira sai da baƙi suka watse. Ya kira ni zaure, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi wanda aka koro daga sama guda ɗaya ya sani, kuma kowa ya san sunansa. Ya ce ya ba ni yaro in kai shi kusa da likita, na bar shi ya yi shekara da shekaru yana amsa wannan suna. Na yi ƙoƙarin nuna masa wasa ne, zane ne, Lawali bai taɓa barin salla ba ko yana kwance, na ma faɗa masa maganar da ya taɓa yi min. Ya ce wannan ya fi komai yi masa ciwo, amma bai canja komai ba. Tsoronsa shi ne duk lokacin da wani yaro ya zauna ya zaɓi wannan abu don koyi da Lawali, a kansa za a rubuta, yana kabari ana ƙara masa kaya. Ya ce na'urar gado ce, shi da Inna ke da ita, ba za a sayar ba balle zunubin ya koma wani gida, in zo da ita ranar arba'in a ƙone ta a filin bayan gidanmu kafin a zauna addu'a.

Kada wani ya zagi mahaifina a nan. Mutumin nan ya rame, in ya kira sallar asuba muryarsa tana yankewa a tsakiya. Shi ta hanyar da ya sani yake neman ceton ɗansa.

Ga abin da bai sani ba. Sabuwar fitowar gem ɗin tana da wani sashe da na'ura take lura da yadda mutum yake wasa, ta koya, ta ajiye, suna ce masa inuwa. Kana iya zaɓar inuwar mutum ka yi faɗa da ita ko ba ya nan. Ta Lawali tana ciki. Bayan na dawo Magariya na rufe ɗakin gem, na ce wa samari an daina. Wata rana da hantsi babu aiki na kunna na'urar don in duba ko tana tashi, na shiga sashen inuwar ban shirya ba. Jama'a, shi ne. Yadda yake ja da baya kamar ya tsorata don ka biyo shi, yadda yake tsayawa cak bayan ya kayar da kai ya ba ka lokaci ka tashi, don a lokacin ne yake juyowa ya ce min Yaya ko in ba ka ruwa. Na'urar ta koyi har tsayawar. Na juya gefen bencin da yake zama.

Tun ranar kullum sai na shiga. Ba zan ce daɗi nake ji ba, ba kuma kuka nake yi ba, amma nan ne kaɗai hannuna yake gumi, nan ne kaɗai nake sanin ina da ƙirji. Na tambayi abokan sana'a ko za a iya kwashe inuwar a mayar wani wuri, sun duba sun ce yadda ya ajiye ta, manne take da na'urar. Na je wurin wani malami a nan gari, ya ce ba ya ganin laƙabin wasa ya fitar da yaron daga addini, kuma ƙona dukiya ba shi da kyau, a goge gem ɗin kawai a bar na'urar. Na yi masa godiya. Bai gane cewa ni a wurina gogewa da ƙonawa duk ɗaya ba ne.

Matata ta ce abin yana cin raina, ta ce ina shiga ɗakin nan in fito kamar wanda ya dawo daga maƙabarta, gara a ƙone kowa ya huta. Wani abokina kuma ya kawo dabara, akwai matacciyar na'ura irinta sak a ƙarƙashin teburina, in kai ta a ƙone, Baba ba zai taɓa bambancewa ba, hankalinsa ya kwanta ni ma in riƙe abina. Na ɗauko ta har na goge mata ƙura. Amma sai in tuna zan zauna kusa da shi ya ɗaga hannu yana addu'a da zuciya ɗaya, yana ganin ya sauke wa ɗansa kaya, ni kuwa na san abin da na yi.

Shekaranjiya Inna ta kira ni da wayar maƙwabta, ban san wa ya kai mata labari ba. Bayan gaisuwa ta ce, "An ce in an kunna abin nan ana ganin motsinsa." Na ce ba shi ba ne Inna, na'ura ce ta kwaikwaya. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Ta ce, "In ka zo da shi, ka biyo ta ɗakina kafin ka kai wa babanku." Ban sani ba ko in ta gani za ta samu sauƙi, ko kuwa zan jefa ta inda nake ne, sannan a ƙone a gabanta ta sake rasa shi.

Abu na ƙarshe, ban faɗa wa kowa ba sai ku. Inuwar ba ta ƙara koyon komai, inda ya tsaya nan ta tsaya, ni kuwa kullum hannuna yana ƙara faɗawa. Jiya na gane duk dabarunsa, na kai shi bango, saura duka ɗaya in cinye shi, abin da ban taɓa yi ba yana raye. Sai na ajiye manet ɗin a kan benci na bar shi ya gama da ni.

To ga ni nan 'yan'uwa, Juma'a ta matso. In kai ta gaskiya a ƙone kamar yadda Baba ya ce, ko in kai matacciyar in zauna da ƙaryar? In na kai ta gaskiyar, in nuna wa Inna ko in wuce ƙofarta? Masu ilimi ku gaya min ko da gaske ana rubuta wa ƙanina wani abu. Waɗanda kuma suka taɓa rasa wani, ku nake so in fi ji, ku gaya min in na ƙone ta kukan zai zo, ko shi ke nan haka zan zauna.