Tambaya ta Bakwai

Lamorde, Yamai
14 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Kawu Mahamadou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen Damagaram. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taka sauƙi, ya sa zafin bana ya wuce mu lafiya, ya kawo damina mai albarka. Mu nan Yamai sai godiya. Gwaggo Mariama tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda wani ya iya dama fura ba in ba ita ba. Kogi ya ja baya sosai, daga kan gada ana hango yashi. Na san za ka ce me ya samu salula da zan zauna ina rubuta wasiƙa kamar mutanen da. Abin da ke bakina ne ba ya faɗuwa a salula, kai kuma tsohon malamin lakwal ne, na san doguwar takarda ba ta ba ka tsoro.

Ka sha yi mini ba'a kana cewa wane irin karatu ne wannan na nazarin zaman jama'a, wai an tura mutum jami'a ya koyo tsegumi. To bari yau in faɗa maka yadda tsegumin yake. Da farko mutum zai tsayar da tambaya guda ɗaya da yake son amsarta. Tawa ita ce, matan ƙasarmu da suka baro Maradi da Tawa da Damagaram suka zauna a unguwar Bukoki nan Yamai, 'ya'yansu nawa ne a gabansu, nawa ne ke riƙo a hannun dangi. Da yake ba zan iya shiga kowane gida ba, sai na bi layi-layi ina tsallake ƙofa huɗu ina shiga ta biyar, don kada in zaɓi gidajen da suka yi mini daɗi kawai. Haka na samu mata ɗari da ashirin. Kowace sai na bayyana mata aikina, na nemi yardarta, na yi mata alkawarin sunanta ba zai fito ba. Sannan in ciro takardar tambayoyi, guda ashirin da biyu, in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai ita ce, 'ya'ya nawa kika haifa. Wata biyu na yi ina wannan yawo a rana, takalmina biyu suka tsinke, kuma gaskiya da na gama ina ji da kaina.

Malam Abdulaye, wanda ke duba aikina, mutum ne mai sanyin magana da ba ya yabo da wuri. Ya daɗe yana kallon lissafina, sannan ya nuna mini wani abu da ni ban gani ba. A cikin matan da suka haura shekara arba'in, kusan duka tsakanin aurensu da haihuwarsu ta farko akwai shekara huɗu ko biyar, amma ƙananan matan shekara ɗaya ko biyu. Ya ce ko dai tsofaffin Bukoki sun yi shawara tun suna amare su jinkirta haihuwa, ko kuma takardata ce ke da rami. Ya tambaye ni a kan wa na gwada tambayoyin kafin in fita da su. Na ce a kan 'yan ajinmu. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce na gwada rigar tsohuwa a jikin budurwa. Ya ce lissafi yana nuna wa mutum inda zai tona, amma ba ya faɗa masa abin da ke binne, don haka in ajiye takarda da bik in koma in zauna da mutane, in duba, in saurara, in rage baki. Ranar na fito daga ofishinsa raina a ɓace, don na san aikin da na so gabatarwa a watan Yuni ya koma Oktoba.

Na koma wurin wata mai sayar da dambun zogale a bakin kasuwar Lazare. Zan kira ta Ladi, ba sunanta ba ne, amma ko kai ba zan faɗa wa na gaskiyar ba. A takardata ta ce 'ya'yanta biyar. Kwana uku na yi ina zuwa gidanta da hantsi ina taya ta tsinkar zogale, ban tambaye ta komai ba. A rana ta uku wata mata ta shigo da goyo, ta durƙusa ta gaishe ta. Ladi ta kawar da kai, ta amsa a ciki-ciki tana kallon kwarya, kamar mai gaisawa da wadda ba ta sani ba. Da matar ta fita sai maƙwabciya ta raɗa mini cewa 'yarta ce ta fari. Na buɗe ƙwaƙwalwata na jero biyar ɗin da ta ba ni, babu ita a ciki.

Kawu, ba wai ban san kunyar ɗan fari ba, ni ma Bahausa ce. Na san ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Amma ni a Yamai na tashi, a hannun Gwaggo, cikin maƙwabta Zabarmawa da littattafan Faransanci, ban taɓa zaton kunyar tana kaiwa ga a tsallake shi a ƙirga ba. Washegari na lallaba na tambayi Ladi. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa, ta ce ita da bakinta ta ƙirga waccan a gaban baƙuwa mai rubutu, ai sai a ce ba ta da tarbiyya. Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce amma duk dambun da ta sauke, na saman tukunya na gidan waccan ne, kuma ba ta taɓa cewa a faɗa daga wa ya fito ba. Na yi ƙoƙarin in rubuta maganar a raina yadda aka koya mana, sai na ji hawaye suna zuba a cikin zogalen mutane.

Yanzu zan faɗa maka abin da na ɓoye shekara goma sha biyu. Ka tuna hutun da na zo gida ina da shekara goma sha uku? Wasu ma'aikatan kiwon lafiya suka shigo suna zagayen gida-gida. Ina bakin ƙofar ɗaki ina tsefe kai, ɗayarsu ta tambayi Inna 'ya'ya nawa ta haifa. Inna ta ce huɗu. Ta jero Dauda da Nafisa da Amadu da Fa'iza, ta tsaya. Ni 'yarta ta fari ina zaune, ko tazarar tabarma babu tsakaninmu. Ban gaya wa kowa ba, amma daga ranar na yanke hukunci cewa tun da aka yaye ni aka miƙa wa Gwaggo, Inna ta cire ni daga nata. Duk uzurin da na dinga kawo muku na jarrabawa da tsadar hanya da ciwon kai, wannan ne a ƙarƙashinsa. Shekara shida ke nan rabona da gida, kuma ko a salula in aka miƙa mata sai mu gaisa a tsaitsaye. Na ji haushinta ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Yau kuma kunyar kaina nake ji, don na yi wa mahaifiyata abin da Malam ya hana mu yi wa baƙo. Na ɗauki amsa guda, daga tambaya guda, na rufe bincike.

Da na dawo daga gidan Ladi na tuna ƙunshin da ke zuwa mini kowace shekara bayan kaka, daddawa da kuka da ɗan alkaki, wanda direba kan ce saƙon Kawu ne. Gwaggo ba ta zubar da tsumma, don haka na buɗe akwatinta na ciro ƙyallayen da ake ɗaure ƙunshin da su. Guda tara na samu. Biyu daga ciki na gane su sarai, yankin zanen nan ne mai ruwan ƙasa da Inna ke ɗaurawa in za ta daka. Na nuna wa Gwaggo, ta ce ita ba ta san komai ba, ta tashi ta shiga kicin alhali babu abin da ta ɗora. An koya mana kada mu tsaya a kan shaida ɗaya, sai mun samu wata ta tabbatar da ita. To kai ne shaidata ta biyu, Kawu. Mutumin da bai san kuɗin daddawa a kasuwa ba, yaushe ya fara ƙunsa ta a zanen mata? In na yi kuskure ka faɗa mini, in kuma daidai ne ba sai ka ce komai ba.

Tambaya ta bakwai dai na gyara ta. Yanzu nakan ce, ban da babba, nawa ne? Sai ka ga tsohuwa ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ta ba ni amsa daidai. Gida arba'in da uku zan sake bi, na gama goma sha tara. In Allah ya yarda zan ƙare kafin ƙarshen watan gobe, daga nan in hau mota in taho, kuma wannan karon ba kwana uku zan yi ba. Roƙona ɗaya ne, kada ka karanta wa Inna wannan takarda, kada kuma ka tambaye ta komai. Ka ce mata kawai akwai baƙuwa daga Yamai. Ba na bukatar ta kira sunana ko ta dube ni a ido. Zan shimfiɗa tabarma kusa da inda take daka, in zauna, in duba, in saurara.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina neman gafararsa kan daɗewar da na yi. Ka gai da Dauda da amaryarsa, da Nafisa da jaririnta da ban gani ba tukuna, da Amadu, da Fa'iza, ka ce ta dage da karatu. Gwaggo Mariama tana gaishe ku duka. Ita kuwa Inna, ka kai mata gaisuwa mai yawa, ba sai ka faɗa mata daga wa ta fito ba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Zalika