Saratu, An Ba Angonki Tsakiyar Fili

Zuwa ga uwargidana Saratu, Maman Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina hutawa lafiya a inda kike. Mu nan Greenbelt, a ƙasar Turawa, duk ƙalau muke, ni da 'yarmu Rifkatu da mijinta da yara. Sanyi ya wuce, itatuwan bayan gida sun fara fitar da ganye.

Bayan gaisuwa, labari na kawo miki. Da gangan na rubuta shi a inda jama'a za su gani, domin akwai mutum ɗaya da nake so ya karanta. Ya san kansa. In kuma bai sani ba, sunansa Iliya.

Jikanki Bitrus, wanda kike kira angonki kina tsokanata wai ya fi ni kyau da haƙora, an sa shi cikin waɗanda za a riƙa fara wasa da su a ƙungiyar besbol ta makarantarsu. Jiya kocinsu ya faɗa. Zaman benci ya ƙare. Tsakiyar fili aka ba shi, Saratu, tsakiya.

Na san ba ki taɓa gane wasan nan ba. Kullum cewa kike mutane sun tsaya a rana suna jiran abin da ba zai zo ba. Bari in yi miki bayani a hankali, yadda malaminmu na yaƙi da jahilci yake yi mana. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda. In ta tashi sama ta yi nisa, akwai mutum uku can bayan fili, na hagu da na tsakiya da na dama, aikinsu su cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. In sun cafe, wanda ya doka ya fita. In ta faɗi, abokan karawa sun samu hanya. Na tsakiya shi ne wurinsa ya fi faɗi, ba a ba rago. Ni ma da furfura na koyi wannan, kamar yadda na koyi karatu da gemuna.

Bara, ba da daɗewa da tafiyarki ba, abin ya so ya lalace. Kin san Yoshuwa jikan Iliya, wanda ya girmi Bitrus, Bitrus kuma yake ce masa yaya tun suna ƙanana a coci. Shi ke tsaron hagu. Wani lokaci can ƙarshen wasa sai koci ya gwada Bitrus a tsakiya. Ƙwallo za ta tashi ta nufo tsakaninsu. Bitrus zai riga isa, ya tsaya a ƙarƙashinta, ya ɗaga safar hannunsa. Da ya hango Yoshuwa na tahowa sai ya ja da baya ya sunkuyar da kai. Shi kuma Yoshuwa ya ga Bitrus ya riga shi, sai ya ci burki. Ƙwallo ta faɗo tsakaninsu tim, kamar mangwaro, su biyu suna kallonta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Koci ya ɗauka tsoron ƙwallon yake ji, ya mayar da shi benci.

Wata Lahadi bayan sujada a Hyattsville, muna ɗakin ƙasa inda ake cin abinci, aka ɗauko maganar wasan. Iliya yana cin naman da 'yarki ta soya da hannunta, bai ma haɗiye ba, ya ce, "Ai yaron nan rainon kaka ne. Marigayiya ta kashe masa zuciya, ta mai da shi ɗan ɗaki."

Wasu suka yi dariya, da suka ga fuskata suka haɗiye ta. Lokacin ko ciyawa ba ta tsiro a kan kabarinki ba. Iliya ne fa, Saratu. Wanda muka tashi tare a Kafanchan, wanda ya ci tuwonki duk tsawon gwaurancinsa yana aikin jirgin ƙasa, wanda kika yi jinyar matarsa har ta tashi. Na ajiye cokali. Maganar ta zauna mini a ƙirji, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Da aka kwana biyu, muna dawowa daga wasa, Rifkatu na tuƙi, mun maƙale a cunkoson mota, na tambayi Bitrus abin da ke sa shi janyewa alhali ya riga isa. Ya amsa da Turancinsa, kin san shi, Hausa a kunne take ba a baki ba. Ya ce ai Kaka ta hana shi sa hannu kafin yaya.

Nan take na ganki zaune a kan tabarma a falo, kin haɗa jikoki da 'ya'yan maƙwabta a kwano ɗaya, ludayi a hannunki. Da yaro ya miƙa hannu wajen nama sai ki ce, "Kai, janye hannunka, yayanka bai ɗauka ba." Kuma babu kalmar da kika tsana a bakin yaro kamar "nawa ne." To a wasan nan, wanda zai cafe ƙwallo dole ya ɗaga murya ya ce tasa ce, ɗayan ya kauce. Yaron ba tsoro yake ji ba. Biyayya yake yi miki, kina cikin ƙasa.

Na sa Rifkatu ta kai ni wurin kocin ta yi mini tafinta. Na tambaye shi, in mutum biyu suka haɗu a kan ƙwallo ɗaya, maganar wa ake bi? Ya ce ta na tsakiya, ko da shi ne ƙaramin ƙungiya. Da na gaya masa dalilin tambayata sai ya cire hularsa ya sosa kai, ya ce bai taɓa jin irin wannan ba.

Ni ba zan warware abin da kika ɗaura ba. Na zaunar da Bitrus na ce masa Kakarsa ba ta koya masa sakin abu ya faɗi ƙasa ba, ta koya masa ne ya san babba, ya ba shi wurinsa. A kan tabarma babba shi ne wanda ya riga zuwa duniya. A kan ciyawar can babba shi ne na tsakiya. Duk ranar da aka tsayar da shi a nan, shi ne yaya.

Sai muka shiga koyo a filin bayan gida, inda mutane ke yawo da karnukansu. In cilla ƙwallo sama in bi ta da kaina, shi kuma dole ya daka mini tsawa in kauce. Da kin ga abin dariya. Tsoho na gudu da kai a sama, yaro na binsa yana raɗa kamar mai roƙon gafara. Na ce ban ji ba. Ya ƙara, na ce ban ji ba, kuma ba zan kauce ba, in ƙwallon ta fasa mini kai shi ya jawo. Haka muka yi ta yi har ganye ya zube, har muka fara sa rigar sanyi. Ran nan sai na ji "Nawa ne!" da Hausa tsantsa, da wata irin murya da ban san yana da ita ba, har karen wata mata ya yi haushi. Ya cafe, sannan ya zo ya durƙusa wai in yi haƙuri. Na yi dariya har tari ya kama ni.

Yanzu za ki tambaye ni, ya cancanta kuwa, ko son kai ne irin na kaka? Ba zan yi miki ƙarya ba, kin fi kowa gane ni. Wajen duka da sanda da saura. In aka jefo masa ƙwallo mai lanƙwasa sai ya yi ta dukan iska kamar mai korar ƙuda, kuma in ya kuskure sai ya kumbura baki, wannan kam halina ya ɗauko. Yoshuwa ya fi shi duka, ban musa ba. Amma ƙafa fa? Kafin ƙarar sandar ta iso kunnena ya riga ya juya ya nufi inda za ta sauka. Jifansa kuma ba ya karkata. Tsakiya ƙafa take so da hannu da murya. Biyun farko yana da su tun kina nan, ta ukun ce muka nemo.

Bana yaron da ke tsakiya ya gama makaranta, wuri ya buɗe. Tun kafin a fara, Iliya ya bi gida gida yana cewa wurin na Yoshuwa ne, har ya sayi hular ƙungiyar yana sawa zuwa coci. Koci ya ce zai gwada su duka biyu. A wasan gwaji na ƙarshe, a Laurel, Bitrus ke tsakiya. Aka doki wata ta tashi ta nufi tsakaninsu, irin wadda ta sha faɗuwa bara. Sai muryar nan ta tashi, duk filin ya ji. Yoshuwa ya tsaya cak. Bitrus ya cafe da gudu, ya juya ya jefa, aka fitar da wanda ya yi ƙoƙarin wucewa. Turawan da ke kusa da ni suna tambayata me ya ce. Iliya na zaune ƙasa da ni kaɗan. Sai ga shi wai ya samu abin dubawa a wayarsa.

Ki duba yadda Allah ke aikinsa. Daga yau duk ƙwallon da ta tashi tsakaninsu, in rainon kaka ya yi magana, jikan Iliya dole ya kauce. Doka ce. Ba ni da komai da Yoshuwa, yaron kirki ne, shi ya fara rungumar Bitrus. Da kakansa nake.

Rifkatu ta ce in bar maganar. Fasto ma ya zo har gida ya sha shayi ya yi ta kewaye-kewaye. Ke ma na san me za ki ce: "Bar shi da halinsa, Baban Rifkatu." Da ni ya zaga, da tuni na manta. Ke ya zaga, a lokacin da ba ki da bakin ramawa, a gaban mutanen da suka ɗauki akwatin gawarki.

Lokacin da yaron ya cafe ƙwallon nan, na juya dama in taɓa ki in ce kin gani. Har yanzu ina barin wurin mutum ɗaya a damata, ko a ina na zauna. Hannuna ya sauka a kan ƙarfen benci mai sanyi.

Asabar ɗin nan ne wasan farko. Iliya ya aiko wai ba zai samu zuwa ba, ɗansa na aiki, babu mai kai shi. Na riga na gaya wa Rifkatu za mu biya mu ɗauke shi. Kujerar gaba zan ba shi, a fili kuma kusa da ni zai zauna.

Allah ya ƙara miki hutawa, ya haskaka inda kike. Allah ya tsare Bitrus daga rauni, ya raya shi, ya raya Yoshuwa. Iliya kuma, Ubangiji ya ba shi tsawon rai, ya ƙara masa lafiyar ido da ta kunne, kada ya bar wasa ko ɗaya ya wuce shi. Amin.

Naki har mu sake saduwa,
Yohanna, Baban Rifkatu