Waƙar da Ka Ce ta Kogi Ce

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na zaɓa na bar sauran inuwoyi. Zuwa ga ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata, Bajamushena, wanda abokai suka laƙaba wa sunan don tsokana, ni kuwa na karɓe shi don ƙauna. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan maƙogwaronka ya huta.

Na ce maƙogwaro domin na fi kowa sanin wahalar da ya sha tun da ka shiga sashen Jamusanci. Ka tuna ajin nan na ƙarshen baranda, mai fankar da ke juyawa kamar an yi mata dole? Kullum bayan laccar yamma ni in baro ɗakin gwajin magunguna hannuwana na warin sinadari, kai ka iso da kofin ruwa da ɗan madubi. Ka cika baki, ka ɗaga kai, ka yi ta kurkurawa, wai sai da haka sautin nan na can cikin wuya zai fito. Ni ce mai riƙe madubi. Ni ce mai cewa ka ƙara tsuke leɓe, ka sassauta haɓa. Kowa fanni guda ya zo karanta a jami'a, ni biyu na karanta: haɗa magunguna da bakinka, kuma a na biyun na fi ƙwarewa.

Kai ka ce mini harshe ba ya zama a bakin mutum sai yana da fuskar da yake yi wa magana. Ka ce, "Zauna nan ki dube ni kawai, ba sai kin gane ba." Na zauna. Wace mace ce wanda ya yi mata alkawarin aure, wanda mahaifiyarta ke kira "ɗana", zai ce ta zauna ta kalle shi, ta ce tana da aiki?

Cikin duk waƙoƙi da labaran da ka karanto mini, ɗaya ce ta shiga jinina, wadda ba ka riƙe mata littafi. Muryarka takan sauka ƙasa, idonka cikin nawa. A tsakiya ka yi shiru ka haɗiye yawu, can kusa da ƙarshe ka yi ɗan murmushi ka miƙo hannu, ni kuma in kama. Na tambaye ka ma'anarta, ka ce, "Tsohuwar waƙa ce a kan kogi, za a tambaye mu a jarrabawar baka." Kogi! Na ce lallai wannan kogi ya yi dace. Ni na gyara maka ita, rabin raina. Ni na ce ka tsawaita shirun, ka daina gaggawa, ka sunkuyar da ido kafin murmushin. Ranar da ta fito yadda nake so, na tafa maka har tafin hannuna ya yi ja.

Ban san kalma ɗaya a cikinta ba, amma ta zauna a kaina daram. Ina wanki ina maimaita ta, ina jiran mota ina maimaita ta. Sai na ce bari in ba ka mamaki ranar da za ka gama jarrabawa. Na je ofishin tsohuwar malamarku, wadda kuke kira Mama, na same ta tsakanin tulin littattafai da wata shuka da ta manta ba ta ruwa. Na ce, "Mama, waƙa nake so ki gyara mini, kyauta zan yi wa wani." Ta yi dariya ta ce in fara. Ban kai rabi ba dariyar ta ɗauke, amma ta bar ni na kai ƙarshe.

"'Yata, wa ya koya miki wannan?"

Na faɗi sunanka da alfahari, har da gyara zama.

"Babu kogi a ciki," in ji ta. "Ba ta cikin wani littafi kuma. Shi ya tsara abarsa."

Ba ta so ta fassara, ni kuwa na ƙi tashi. Daga ƙarshe ta juya fuskarta wajen taga ta faɗa mini. Rabin farko yabo ne ga mai tabarau ɗin nan da ke zama layin gaba a ajinku, wadda kake roƙo ta yarda ta ƙarasa rayuwa da kai. Bayan shirun da na tsawaita maka, cewa kake: wadda ke zaune gabana yanzu ba ta fahimtar komai, bango ce da nake gwada muryata a kansa. Wajen murmushin kuma: ki yi haƙuri har in sami hanyar rabuwa da ita ba tare da hayaniya ba. Daga nan sai hannun da nake kamawa.

Ka yi murna, masoyina, Mama ta ce babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Na ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kuka a bayan ginin sashenku har mai shara ta zaci rasuwa aka yi mini. Da wane ido ka riƙa kallona kana faɗin haka? Ina ka ajiye zuciyarka lokacin da nake tafa maka? Abin da ya fi ci mini rai shi ne na laluba ƙirjina ina neman ƙiyayyarka, na tarar sonka ne zaune, ko gezau bai yi ba.

Abin da ya faru jiya ka gani da idonka, amma ka fita da wuri har ka bar jakarka, don haka bari in ƙarasa maka. Da na shigo ajinku yana cike, na tsaya gaban mai tabarau na karanto mata waƙarka daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Na yi shirun inda ya kamata, na haɗiye yawu, na sunkuyar da ido, na miƙa hannu. Kowa a ajin ya gane, ni kaɗai ce sai da aka fassara mini. Ta cire tabarau ta goge a hankali ta ce, "Ke ce bangon?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ki gaya masa na ji, kuma amsata a'a ce. Wanda ya yi wa fuskar da ke sonsa haka, ban ga fuskar da zai ƙyale ba."

Kada ka ga laifina, farin watana. Ka sha wahalar shiri, kunya ta hana ka isarwa, na isar maka. Na ji 'yan ajinku sun sauya maka suna, yanzu Kogi suke ce maka. Jakarka tana wurina, madubin na ciki.

Mahaifiyata ba ta san komai ba, ko da safen nan ta tambayi lafiyar ɗanta. Alkawarinmu yana nan, ban mayar maka da shi ba, kai ma ba ka taɓa neman in mayar ba da harshen da nake ji. Na kuma yi rajistar ajin masu fara Jamusanci, Mama ta ware mini kujera a layin gaba. Zan koye shi ciki da waje, har ya zama ba ka da sauran inda za ka ɓuya. In ka gudu wani harshen, ina bayanka.

Roƙona ɗaya ne, ya abin begena. Ka zo gobe bayan laccar yamma, ajinmu na ƙarshen baranda. Ka bar kofin ruwa a gida, wannan karon maƙogwaro ba zai wahala ba. Zan zauna inda na saba, in riƙe maka madubi yana kallonka, ka faɗa mini ita da Hausa, tun daga wajen shirun. Idan ka iya kaiwa ƙarshe, na sake ka, kuma zan tafa maka kamar kullum. Idan ba ka iya ba, to kai nawa ne, kuma ba ni da niyyar mantawa.

Taka har ƙarshen numfashi,
wadda ba ta fahimtar komai.