Kunnen Auta da Na'urar Kiɗa

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana shan maganin hawan jininta, maigidana an mayar da shi aikin safe, yara kuma duk suna makaranta.

Kawu, maganar Auta ce ta zaunar da ni rubutu. Na san ka yi ta kiran wayarsa bai ɗauka ba, har ka ce wa Umma ko boko ya fara kumbura masa kai. Wallahi ba haka ba ne. Ka san shekarar ƙarshe yake a sashen kiɗa na jami'a, kuma aikin da zai fita da shi yana haɗa shi ne a kan wata na'ura da suke kira sintesaiza. Na taɓa bin sa ɗakin da take na gan ta. Akwatin katako ne cike da ƙananan allunan ƙarfe, kowanne da ramuka da abin murɗawa, ana haɗa su da gajerun wayoyi ja da rawaya da shuɗi. Babu kiɗan da aka ajiye a ciki, lantarki ne zalla, shi yake lanƙwasa shi har ya zama sauti. Na ce masa wannan ai kitso ne aka fara aka fasa, ya yi ta dariya.

To, zazzaɓin nan mai zafi da ya kwantar da shi bara, ashe ya taɓa masa kunne. Ya ɓoye wa kowa. Malaminsu ne ya gano, ranar da Auta yake gwada musu aikinsa a aji. Wani siririn fito mai tsaga kai ya cika ɗakin, ɗalibai suka toshe kunnuwa, shi kuwa yana tsaye yana ƙara murɗawa, bai san ana yi ba. Da ya waiwayo ya ga fuskokinsu sai ya kashe na'urar ya fita. Ni na raka shi asibiti. Likita ta ce kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana bin sahu, sai dai a jinkirta abin.

Umma ta ce ya bar kiɗan nan ya nemi wata sana'a tun da wuri. Ya ce mata sai ya gama. Ya rushe aikin gaba ɗaya, ya sake shi da sautuka masu kauri kawai, irin waɗanda yake ji a ƙirji idan ya ɗora tafin hannu a kan sifika. Wata abokiyar karatunsa take zama kusa, tana ɗaga masa yatsa idan fito ya kutso.

Ranar gabatarwa na je. Ba zan ce maka na fahimci kiɗan ba, amma kujerata rawa take yi, kuma na ji kamar ana jan wani abu mai nauyi a cikin cikina. An tafa masa sosai. Da muka fito ya tambaye ni ko ƙarshen ya yi daɗi, domin shi bai ji shi ba. Na amsa, bai ji ni ba. Na sake, sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai, na kuma san har yanzu bai ji ba.

Don Allah Kawu, kada ka ƙara kiran sa, idan ya ga sunanka a waya kuka yake yi. Ka rubuto masa saƙo. In da hali kuma ka zo, tun yana iya tsintar muryarka da na hagun.

Ka gaida Goggo da Baffa da 'yan biyu da amaryar ɗanka. Umma tana gaishe ka. A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Yayar Auta