Rasuwar Anti Dakata, Mai Tsaron Jijiyar Murya

Cikin alhinin da ya yi mana nauyi a baki, tare da miƙa al'amari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Tiyatar Kai da Wuya ke sanar da mambobinta, da abokan aiki, da ɗaukacin jama'a, cewa ta sami labarin rasuwar Babbar Jami'ar Lura da Jijiyoyi ta ɗakin tiyata na biyu, kuma tsohuwar Mataimakiyar Shugaban wannan ƙungiya, Hajiya, wadda manya da ƙananan ma'aikata suka fi sani da Anti Dakata. Ta rasu da hantsin Talatar da ta gabata bayan gajeruwar jinya, tana da shekara hamsin da shida, ta bar maigidanta, Alhaji, da 'ya'ya huɗu da jika ɗaya. Ta kuma rasu alhali akwai takardar ƙorafi a kanta wadda ba a kai ga yanke hukunci ba, saboda haka ƙungiya ta ga bai dace ta yi wa iyalinta ta'aziyya ba tare da ta wanke sunanta a bainar jama'a ba.

Ga waɗanda ba su san aikin marigayiya ba, har da 'yarta ta fari da ta taɓa tambayarmu ko kallon talabijin mamarta ke zuwa yi asibiti, ga bayaninsa a taƙaice. A wuyan kowane mutum akwai siraran jijiyoyi biyu, dama da hagu, su ne ke motsa tantanin murya da ke cikin maƙogwaro, kuma suna bi ta bayan inda maƙoƙo ke fitowa. Idan ɗaya ta ji rauni, murya takan dushe. Idan biyun suka ji rauni, mutum na iya rasa murya, numfashi ma ya gagare shi sai an huda wuya an sa masa bututu. Likita yana ganin jijiyar da idonsa, amma ido ba ya nuna masa lokacin da ta fara gajiya da ja. Shi ya sa ake maƙala wani ɗan ƙarfe a babbar jijiyar wuya, yana tsikarinta da ɗan lantarki ba tsayawa tun daga fara aiki har a rufe, na'ura kuma tana zana amsar a allo tana yin ƙas-ƙas kamar agogon bango. Da zarar zanen ya fara gajarta, sai a san jijiya na cikin wahala.

Cikin shekara ashirin da tara da marigayiya ta yi tana aiki, goma sha ɗaya ta yi su ne a gaban wannan na'ura, a kan wata 'yar kujera mai ƙafa ɗaya naɗe da filasta, tsakanin likitan sa barci da bango. Ba ta fita shan shayi, ba ta amsa waya, kuma duk wanda wayarsa ta yi ƙara a ɗakin ya san abin da ya jawo wa kansa. Kalma biyu ce makaminta: "Likita, dakata." Babu Farfesa ko Babban Likitan da bai sha su ba, daga nan kuma ta sami laƙabinta. Idan mutum ya haɗa rai, sai ta ce masa ta cikin takunkumi, "Ranka ya daɗe, hannunka na da kyau, amma ba shi da kunne." Mukan yi dariya, mu saki jijiyar, mu jira zanen ya miƙe. Ma'aikatan jinya shida ta koya wa aikin, kuma dukkansu sun ɗauki halinta na rashin jin nauyin tsayar da babba.

Game da ƙorafin, ni mai sa hannu a wannan sanarwa ne likitan da ya yi aikin, don haka zan faɗe shi da bakina. Makonni bakwai da suka wuce muka kwantar da wata malamar firamare mai maƙoƙo a ɓangarori biyu, da niyyar cire duka a zama ɗaya. Ina cikin aikin ɓangaren dama sai zanen ya faɗi ƙasa da rabi, Hajiya ta tsayar da ni. Muka jira minti ashirin, bai dawo ba. Na duba jijiyar, ga ta nan lafiya lau a ido, ko ƙwarzane babu. Na gama ɓangaren dama, na ce mu wuce hagu, watakila ƙarfen ne ya goce. Ta sake gwada na'urar sau biyu a gabana, sannan ta ce, "Ba ƙarfe ba ne, Likita. Ɗaya ta yi shiru. Idan ka taɓa ɗayar yau, ba da yawuna ba, kuma zan rubuta haka." Raina bai so ba, amma na rufe wuyan na bar ɓangaren hagu.

Malamar ta farka da dusasshiyar murya, ga rabin maƙoƙo na nan, ga wata tiyatar a gaba. Mijinta ya ji labarin cewa ba likita ne ya tsayar da aikin ba, sai ya tare Hajiya a baranda gaban 'yan dubiya yana tambayarta yaushe nas ta zama mai ba likita umarni. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Malam, yi faɗanka, ba komai. Ni dai na fi so ita ma ta tashi ta yi mini nata da bakinta." Ina tsaye bakin ƙofar ofishina a lokacin, ban ce uffan ba. Bayan kwana biyu muka leƙa maƙogwaron malamar da kyamara, muka ga tantanin dama ba ya motsi ko kaɗan, na hagu ne kaɗai ke riƙe da muryarta da numfashinta. Tun ranar na san gaskiyar Hajiya ce, amma da takardar ƙorafin mijin ta shigo sai na ce a bari kwamiti ya zauna, ai ba sauri ake ba. An sa zaman ranar Alhamis, ita kuma ta rasu Talata. Wannan jinkiri laifina ne, kuma ina jin kunyarsa.

Kwamitin Ladabtarwa ya zauna a ranar da aka sa, ya duba zanen da na'ura ta adana da hoton kyamara, ya kuma yanke ba tare da saɓani ba cewa marigayiya ba ta aikata kuskure ko wuce gona da iri ba, hasali ma abin da ta yi shi ne ya tsare majinyaciyar daga babban haɗari. An soke ƙorafin, mai ƙorafin kuma ya janye kalamansa a rubuce. Ƙungiya na roƙon 'ya'yan marigayiya da su riƙe wannan a matsayin shaida, su nuna wa duk wanda ya ji wancan labarin.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da Majalisar Dattawa, da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji, da 'ya'yanta, da 'yan'uwanta, da abokan aikinta na ɗakin tiyata na biyu. Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata, Ya sa jinyar da ta yi ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe, muna isar wa iyalin da wani roƙo. Malamar ta zo duba lafiya jiya da safe, kyamara ta nuna tantanin dama ya fara motsi, muryarta kuma ta washe har ta koma aji. Da muka zo sa ranar tiyata ta biyu, ta ce ba za ta kwanta ba sai matar nan da ta hana a taɓa ta tana zaune a wurin. A nan muka gaya mata Hajiya ta rasu. Sai ta nemi a kwatanta mata gidan marigayiyar. Za ta zo ranar Asabar da la'asar tare da mijinta, muna roƙon a karɓe su.

Sa hannu:
Babban Likitan Tiyatar Wuya,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Ma'aikatan Tiyatar Kai da Wuya.